Shaidar da Ƙarambau Ke Bari a Cikin Jini

Ƙarambau na cikin cututtukan da jama'a suka saba da su har suka daina jin tsoronsu, domin a yawancin gidaje yaro kan yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ƙuraje masu ruwa su feso masa a fuska da ƙirji da baya, su dame shi da ƙaiƙayi, sannan su bushe ya koma wasansa ba tare da an kai shi asibiti ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar cutar da ta haddasa waɗannan ƙuraje, wadda take daga jinsin bairos, ba ta barin jikin wanda ta taɓa shiga har iyakar rayuwarsa. Takan bi jijiyoyin ji daga fata ta tafi ta laɓe a wasu ƙullaye na jijiyoyi da ke gefen laka da cikin kai, ta yi shekaru masu yawa ba ta motsa ba, sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko wata cuta ko wani magani, sa'annan ta farka ta biyo jijiya guda ta fito fata. Wannan fitowa ta biyu ita ce cutar da likitoci ke kira zosta, wato ƙuraje masu raɗaɗi da ke taruwa a ɓangare ɗaya na jiki, galibi a haƙarƙari ko ƙugu ko goshi, ba sa tsallakawa ɗaya ɓangaren, kuma zafinsu kan iya ci gaba na tsawon watanni bayan fatar ta warke. A Amurka an ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 zai gamu da zosta a rayuwarsa.

An daɗe kafin a gane cewa cututtukan biyu tushensu ɗaya. A 1767 likitan Ingila William Heberden ya bambance ƙarambau da agana, waɗanda kafin lokacin ake cakuɗa su, sannan a 1888 wani likitan yara na ƙasar Hangari mai suna János Bókay ya lura cewa yara kan kamu da ƙarambau bayan sun zauna da babban da ke fama da zosta. Hujjar da ta rufe muhawarar ta zo ne daga ɗakin gwaje-gwaje na Thomas Weller a birnin Boston cikin shekarun 1950, inda ya yi nasarar rainon ƙwayar cutar a wajen jikin mutum, kuma shi da Albert Coons suka nuna a 1954 cewa ruwan jinin wanda ya warke daga ƙarambau yana kama ƙwayar da aka ɗebo daga ƙurajen zosta, haka nan na mai zosta yana kama wadda aka ɗebo daga ƙarambau. Ke nan tun farko gwajin garkuwar jini ne ya tona asirin wannan ƙwaya, kafin a 1965 wani likitan karkara a Ingila, Edgar Hope-Simpson, wanda ya shafe shekaru yana rubuta duk mai zosta da ya zo wurinsa, ya bayyana cewa zosta farkawa ce ta tsohuwar ƙwayar da ta kwanta tun ƙuruciya.

Har yau ana yin gwajin garkuwar jini don gano shaidar ƙarambau, kuma abin da ake nema a cikinsa shi ne antibodi, wasu sinadarai na furotin da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki, kuma kowane antibodi an ƙera shi ne daidai da surar baƙon da ya jawo shi, ta yadda na ƙarambau ba ya kama ƙwayar ƙyanda, na ƙyanda ma ba ya kama ta ƙarambau. Iri biyu ne suka fi shafar wannan batu. Na farko, wanda ake wa laƙabi da IgM, shi ne jiki ke fara fitarwa cikin kwanakin farko na ƙuraje, yakan yi yawa na ɗan lokaci sannan ya ragu cikin makonni ko 'yan watanni. Na biyu, wato IgG, yana biyo baya da kwanaki kaɗan, amma shi yakan zauna a jini galibi har ƙarshen rayuwa, kuma shi kaɗai ne ke iya ratsa mabiyiya daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Samun IgG a jinin mutum kamar zanen gado ne a fuska, yana faɗin inda mutum ya fito amma ba ya faɗin halin da ya kwana a ciki, kuma mafi yawan kurakuran da ake yi wajen karanta sakamakon gwajin daga mantawa da wannan iyaka suke tasowa.

Aikin kansa ba shi da wuya ga wanda za a gwada, domin ba a buƙatar ya ƙaurace wa abinci, abin da za a yi kawai shi ne a ɗebi jini kaɗan daga jijiyar hannu a zuba a wata 'yar kwalba, a bar shi ya daskare, sannan a sa kwalbar a na'urar da ke juya ta da gudu har gudan jinin ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya ya tsaya a sama. A cikin wannan ruwan antibodin suke. Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen gano su ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin a 1971, kuma ana yin ta ne a kan wani faranti na roba mai ƙananan ramuka 96, waɗanda aka riga aka shafe cikinsu da ɓangarorin ƙwayar ƙarambau da ba sa iya cutar da kowa. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai sirka ruwan jinin ya ɗiga a rami, ya jira ɗan lokaci, ya wanke. Idan akwai antibodin ƙarambau za su manne wa abin da aka shafa su ƙi wankuwa, sauran kuwa su bi ruwa. Daga nan sai ya ƙara wani antibodin na biyu wanda aikinsa kama IgG na ɗan adam, wanda kuma aka ɗaura masa wani sinadari mai sauya launi, ya sake wankewa, ya zuba ruwan ƙarshe. Ramin da ya yi launi shi ne mai shaida, kuma na'ura ce ke auna kaurin launin ta mayar da shi lamba, a kwatanta da lambar wasu ramukan da aka zuba musu ruwan jinin da aka riga aka san matsayinsa. A manyan asibitoci injuna ne ke yin duk wannan da kansu, wasu ma haske suke aunawa maimakon launi, amma tushen dabarar bai sauya ba.

Sakamakon kan fito ta ɗaya daga fuska uku, ko dai an ga antibodi, ko ba a gani ba, ko kuma lambar ta faɗa tsakatsaki inda ba za a iya yanke hukunci ba, wanda a irin haka akan sake gwajin ko kuma, idan lokaci ya ƙure, a ɗauki mutumin a matsayin wanda ba shi da kariya. Akwai wata hanya da ta fi ELISA kaifin gani, mai suna FAMA, wadda Anne Gershon da abokan aikinta suka fito da ita a Amurka a 1974, inda ake haɗa ruwan jinin da ƙwayoyin halitta masu ɗauke da cutar a duba da madubin likita ko gefensu zai yi ƙyalli. Ita ce ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi, sai dai tana cin lokaci tana kuma buƙatar ƙwararren ido, shi ya sa ba ta fita daga ɗakunan bincike ƙalilan ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tura mai ƙuraje ya yi gwajin antibodi don a san abin da ke damunsa. Idan dattijo ya zo da ƙuraje a haƙarƙari aka sami IgG a jininsa, ba a ƙaru da komai ba, tunda kusan duk sa'o'insa haka za a samu, masu ƙuraje da marasa ƙuraje. IgM, wanda a tunani shi ya kamata ya nuna sabuwar cuta, shi ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin yakan bayyana a ƙarambau na farko da kuma lokacin da tsohuwar ƙwaya ta farka, wani lokaci ya nuna akwai alhali babu, kuma rashinsa a kwanakin farko ba ya kore cutar. Akwai tsohuwar dabara ta ɗibar jini sau biyu, ɗaya a farkon ciwo ɗaya bayan mako 2 zuwa 4, a duba ko IgG ya ninka sau 4, amma amsar takan zo bayan majiyyaci ya riga ya warke, saboda haka amfaninta ya fi ga masu bincike. Wanda yake son sanin abin da ke cikin ƙurji, ƙurjin zai tambaya: a goga auduga a gindin ƙurjin da aka fasa ko a ɗauki ɓawonsa, a yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon bairos ɗin kai tsaye. A mafi yawan lokuta ma idon likita ya isa, tunda ƙurajen ƙarambau suna da alamarsu, wato a ga sababbi da masu ruwa da busassu a wuri guda a lokaci guda. Inda ido ke iya ruɗewa shi ne tsakanin ƙarambau da ƙyandar biri, kuma tun da wannan cuta ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, aka sha samun waɗanda aka zarga da ita amma gwajin PCR ya nuna ƙarambau ne.

Darajar gwajin antibodi tana bayyana ne ga mutumin da lafiyarsa ƙalau, ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa, amma kamuwa da ƙarambau za ta iya zame masa babbar masifa, kuma a sahun gaba akwai mace mai juna biyu. A ɗauki misalin matar da ke da cikin wata huɗu, ɗan maƙwabta da ya wuni a ɗakinta ya wayi gari da ƙuraje, ita kuma ba ta tuna ko ta taɓa yin ƙarambau ba, mahaifiyarta ma ba ta da tabbas ko abin da ta yi tana ƙarama ƙarambau ne ko ƙyanda. Mai ƙarambau yana fara yaɗa cutar kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito, ta iska da ta taɓa ruwan ƙuraje, har zuwa lokacin da duk suka bushe, kuma a cikin gida guda har kashi 90 cikin 100 na marasa kariya kan iya kamuwa, don haka raba matar da yaron bayan an ga ƙuraje ya zama ihu bayan hari. Idan matar ta kamu, ita kanta tana cikin haɗarin ciwon huhu mai tsanani, musamman a watannin ƙarshe na ciki. Ɗan da ke cikinta kuma, idan cutar ta zo a makonni 20 na farko, yana iya fitowa da tabo a fata, ko gaɓar da ba ta girma daidai ba, ko lahani a ido da ƙwaƙwalwa. Haɗarin ba shi da yawa, kusan kashi 0.4 cikin 100 ne a makonni 12 na farko, ya kai kusan kashi 2 cikin 100 tsakanin mako na 13 da na 20, amma lahanin na dindindin ne. Lokaci mafi muni shi ne idan ƙurajen uwa suka fito tsakanin kwana 5 kafin haihuwa da kwana 2 bayanta, domin jaririn ya karɓi ƙwayar cutar amma uwar ba ta samu sararin ƙera IgG ta miƙa masa ba.

A irin wannan yanayi gwajin yana raba hanya biyu cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan an sami IgG, matar ta koma gida hankalinta kwance ba tare da an ba ta komai ba, kuma bincike ya nuna cewa a ƙasashe masu sanyi mafi yawan manyan da ke cewa ba su taɓa yin ƙarambau ba, jininsu kan ƙaryata su. Idan ba a samu ba, akwai sauran dama, tunda cutar kan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. A Amurka akan yi wa irin wannan mata allurar antibodin da aka tace daga jinin masu ba da gudummawa, mai suna VariZIG, da wuri-wuri kuma kada a wuce kwana 10 da haɗuwa da mai cutar, yayin da a Ingila yanzu aka fi ba da ƙwayoyin maganin asiklobir daga kwana na 7 zuwa na 14. A Ingilar akan ajiye jinin da aka ɗiba a farkon awon ciki, sai kawai a ciro shi a gwada ba tare da an kira matar ta zo ta zauna cikin sauran masu ciki ba, wanda tsari ne mai hikima. Allurar rigakafin ƙarambau ba ta cikin zaɓi a nan, domin ƙwaya ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai ciki, sai dai bayan ta haihu. Wannan ne ya sa lokacin da ya fi dacewa mace ta san matsayinta shi ne kafin ta ɗauki ciki, lokacin da amsar "babu" ke da magani mai sauƙi.

Haka lamarin yake ga waɗanda garkuwar jikinsu za ta raunana da gangan, kamar mai jiran dashen ƙoda, ko yaron da za a fara wa maganin sankarar jini, ko wanda zai daɗe yana shan magungunan danne garkuwa, waɗanda akan gwada su tun kafin a fara domin a yi musu rigakafi idan da hali. Sai dai a cikin waɗannan ne gwajin ya fi saurin yaudara, domin wanda aka yi wa ƙarin jini ko allurar antibodi a watannin baya zai iya nuna IgG na aro, wanda zai ɓace bayan ɗan lokaci ya bar shi a fili. Jariri ma haka ne, IgG ɗin da ke jininsa a watannin farko na mahaifiyarsa ne, kuma yakan ƙare kafin ya cika shekara guda. Lambar da ke kan takarda ba ta san waɗannan abubuwa ba, likitan da ya tambayi tarihin majiyyaci ne ya sani.

Akwai wani bambanci tsakanin yankunan duniya da ya shafi mutanen ƙasashe masu zafi kai tsaye. A Turai da Arewacin Amurka, kafin zuwan rigakafi, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kan yi ƙarambau kafin su balaga, har hukumomin lafiya na Amurka suka ɗauki duk wanda aka haifa a ƙasar kafin 1980 a matsayin mai kariya, in ban da ma'aikatan lafiya da masu juna biyu da masu raunin garkuwa. A ƙasashe masu zafi kuwa cutar ba ta game yara da wuri haka, abin da masana ke dangantawa da rashin juriyar ƙwayar ga zafi da kuma warwatsuwar jama'a a karkara, saboda haka mutane da dama kan girma ba su gamu da ita ba. Wannan ba sa'a ba ce, tunda ƙarambau a jikin babba ya fi tsanani, kuma alƙaluman Amurka na kafin rigakafi sun nuna cewa yiwuwar ya kashe babba ta ninka ta yaro kusan sau 20. Shi ya sa ƙa'idojin lafiya na Birtaniya suka ce maganar baki ta cewa an taɓa yin ƙarambau ba ta da ƙarfi ga wanda ya tashi a ƙasa mai zafi, kuma ya kamata a duba yiwuwar gwada jininsa idan zai yi aikin asibiti. Likitoci da ma'aikatan jinya na Najeriya da Gana da Sudan da ke tafiya aiki can sukan tarar da wannan gwaji cikin binciken lafiyar da ake yi musu kafin su fara aiki, kuma dalilin a bayyane yake, domin ma'aikaciyar jinya da ta kamu tana iya yini biyu tana zagaya ɗakin haihuwa ko ɗakin masu sankara tana yaɗa cutar kafin ƙurji ɗaya ya fito mata.

Zuwan rigakafi ya ƙara wa karatun sakamakon wata sarƙaƙiya. Michiaki Takahashi na jami'ar Osaka a Japan ne ya samar da allurar a 1974, Amurka ta amince da ita a 1995, a lokacin da ƙasar ke samun masu ƙarambau kusan miliyan 4 da mace-mace 100 zuwa 150 a kowace shekara, sannan a 2006 aka mayar da ita allura biyu. Antibodin da rigakafi ke haifarwa bai kai yawan wanda cutar kanta ke bari ba, kuma yawancin gwaje-gwajen ELISA da ake sayarwa an tsara su ne don gano na cutar, saboda haka wanda aka yi wa allura biyu yana iya samun sakamakon "babu" alhali yana da kariya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta warware wannan da cewa rubutacciyar shaidar allura biyu ta fi ƙarfin duk gwajin da aka yi bayanta. A Najeriya da Nijar allurar ba ta cikin jerin rigakafin yara na gwamnati, sai dai a neme ta a wasu asibitoci masu zaman kansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2014 cewa ƙasar da za ta fara yi wa yara ya kamata ta iya kai wa aƙalla kashi 80 cikin 100 ta kuma ɗore a kai, in ba haka ba za ta rage yaɗuwar cutar tsakanin yara ne kawai ta tura ta zuwa shekarun girma inda ta fi haɗari.

Game da zosta kuwa, gwajin antibodi yana faɗin abu ɗaya ne tak, wato cewa ƙwayar na kwance a jikin mutum, amma ba ya faɗin ko za ta farka ko yaushe. Abin da ke tsare ta a maɓoyarta ba antibodi ba ne, wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, kuma su ne ke raguwa da tsufa ko da cuta mai karya garkuwar jiki, alhali IgG na nan da yawansa. Don haka lamba mai girma a takardar gwaji ba tabbaci ba ce cewa mutum ya tsira daga zosta, kuma ba a buƙatar gwajin kafin a yi wa wanda ya kai shekara 50 allurar Shingrix, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017. Inda antibodi ke da rawar takawa shi ne idan ƙwayar ta farka ta taɓa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wani lokaci ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, inda likitoci ke ɗibar ruwan laka su kwatanta yawan IgG da ke cikinsa da na jini, domin a irin wannan ciwo shaidar antibodi a ruwan laka takan daɗe fiye da ta PCR. Idan kuma zosta ta fito wa matashi ɗan shekara 25 ko 30, musamman in ta mamaye wuri mai faɗi ko ta dawo karo na biyu, gwajin jinin da ya fi kamata a yi masa na ƙanjamau ne, domin tun shekarun 1980 likitoci a gabashi da tsakiyar Afirka suka lura cewa zosta a jikin matashi kan zama alamar farko ta wannan cuta, tun kafin sauran alamominta su bayyana.